Usur ɗin da muka gada daga Turawa

Ranar Asabar da ta wuce muna zaune a majalisa bayan isha'i, mai shayi na ta faman firfita gawayi, sai musu ya ɓarke kan tsohuwar maganar nan da ba ta tsufa, wai boko da al'adun Turawa su suka lalata mana yara. Wani abokinmu malamin firamare, mutumin kirki ne wallahi, ya ce ai duk matsalar ita ce an daina duka an daina horo, yaro yanzu ka ce masa yi kaza sai ya tsaya yana tambayarka don me, a zamaninmu kuwa wa ya isa, in siniya ya hura usur ko wanka kake da kumfa a ido sai ka fito. Kowa ya ce ƙwarai kuwa. Ni ma na gyaɗa kai don bana son a ce na cika gardama, amma maganar usur ɗin nan ta tsaya min a rai har na koma gida, saboda akwai wani usur da na daɗe ina karanta labarinsa, wanda aka hura da ƙarfe 7:30 na safiyar 1 ga Yulin 1916 a kusa da kogin Somme a arewacin Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko, yaran da suka ji shi suka fito babu wanda ya tsaya tambayar don me, kafin rana ta faɗi 19,240 daga cikinsu sun mutu. Sojan Birtaniya kaɗai fa ke nan, a yini ɗaya. In ka haɗa da waɗanda suka ji rauni da waɗanda suka ɓata da waɗanda aka kama lissafin ya kai 57,470.

Ni a ganina mun bar jaki muna dukan taiki. Kullum in za mu zagi tarbiyyar Turawa sai mu kama maganar ɗamammen wando da aski da waƙe-waƙe da fina-finai, amma abin da ya fi komai haɗari cikin kayan da suka kawo mana shi muka rungume hannu bibbiyu har muna kuka wai ya fara ƙaranci, wato horon nan na makarantar kwana da ke koya wa yaro cewa tambaya rashin kunya ce, an ce ka tashi ka tashi, an ce ka tafi ka tafi. Su masu abin sun gwada shi har ƙarshe, sun ga inda ya kai su, mu kuwa ko labarin ba a ba mu.

Bari in ɗan faɗi yadda ramin da yaran nan suka fito daga cikinsa yake don da yawanmu in an ce Yaƙin Duniya sai mu tuna Hitila da Boma, wancan kuwa shi ne na biyu. Na farkon ya tashi a 1914 bayan wani saurayi ɗan shekara 19 ya harbe yariman Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, kowace ƙasa na da ƙawance da wata, wannan ta ja wannan, cikin sati shida Turai ta kama da wuta. Kowa ya ɗauka kafin Kirsimeti an gama. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Kafin ƙarshen shekarar sojojin ɓangarorin biyu sun gane cewa duk wanda ya tsaya a tsaye a fili gawa ne, sai kowa ya ɗauki shebur ya haƙa rami, ramin ya yi ta tsawo har ya tashi daga bakin teku a Beljiyam ya dire iyakar Suwizalan, wajen kilomita 700, kuma a cikinsa aka zauna kusan shekara huɗu. Zurfinsa ya ɗan fi tsayin mutum, a karkace ake haƙa shi kamar tafiyar maciji don in harsashin igwa ya faɗo kada ya share kowa, gabansa waya mai ƙaya jibge, gaban wayar kuma wani fili da ba na kowa ba, wani wurin faɗinsa bai fi filin ƙwallo ba, daga can kuma sai wayar abokan gaba da nasu ramin. Ƙasar can ba irin tamu ba ce mai shanye ruwa, da damina da hunturu ramin cika yake da caɓi, mutum ya kwana ya yini ƙafarsa cikin ruwan sanyi har ta kumbura ta yi baƙi wani sai an yanke, har doka aka yi cewa kowa ya dinga shafa wa ƙafarsa man kifi hafsa na bi yana dubawa. Ƙwarƙwata kuwa ba a magana, zama suke su kunna kyandir suna bin ɗinkin riga da wuta suna jin fashewarta. Ɓeraye sun ci gawa sun ƙoshi sun zama kamar gafiya, kana barci su bi ta fuskarka. A Afrilun 1915 a Ypres Jamusawa suka saki iska mai guba, sauran ma suka ce ba a bar mu a baya ba. A 1917 a wani wuri da ake kira Passchendaele taɓon ya kai in mutum ya zame daga kan katakon da aka shimfiɗa, da kayansa a baya, nutsewa yake abokansa na kallo.

To a cikin wannan ne za a ce gobe da asuba za a kai hari. A Somme sai da aka kwashe kwana bakwai ana ruwan igwa, harsashi sama da miliyan ɗaya da rabi, aka ce wa yara kada ku damu ko ɓera bai rage a can ba, da yawansu ma aka ce su tafi a jere a hankali ba sai sun yi gudu ba, ga kaya wajen kilo 30 a bayan kowa. Ashe Jamusawa na can ƙarƙashin ƙasa a ɗakunan da suka haƙa masu zurfi, igwa na yin shiru suka fito da mashinga suka girke. Wata bataliya ta samarin wani ƙaramin gari mai suna Accrington, abokai ne da maƙwabta da abokan aiki da suka shiga soja tare don an yi musu alkawarin ba za a raba su ba, wajen 720 suka fita, 584 an kashe ko an raunata, mafi yawa cikin rabin awa. Ka ƙaddara unguwarku ce, duk samarin da kuke zaman majalisa da su, a wayi gari kusan kowane gida ana zaman makoki. Kuma ba a tsaya ba, aka ci gaba da wannan yaƙin na Somme har Nuwamba, mutum sama da miliyan ɗaya tsakanin matattu da raunanannu a ɓangarorin biyu, ƙasar da aka ci kuwa wajen kilomita 10.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ba wai manyan hafsoshin ba su san aikin mashinga ba ne. A kanmu suka koyi aikinta. A 1898 a Omdurman ta Sudan mayaƙan Mahdi suka taho da tutoci da takubba da masu, a safiya ɗaya aka kashe musu wajen dubu 10, ɓangaren Kitchener, kwamandan rundunar Ingila, ko hamsin ba su cika ba, kuma Douglas Haig wanda shi ne babban kwamandan Birtaniya ranar Somme yana wurin a matsayin ƙaramin hafsan dawaki, da idonsa ya gani. Kitchener ɗin shi ne ya zama ministan yaƙi a 1914, hotonsa da gashin baki yana nuna yatsa shi aka lilliƙa a bango ana kiran samari. Wanda ya fi kusa da mu kuma Kanar Morland, wanda ya fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903 ya wuce Sakkwato a watan Maris inda mashinga ta yi wa mutanen Sarkin Musulmi Attahiru abin da ta yi a Giginya, to shi wannan Morland ɗin ya zama janar, kuma yana cikin waɗanda suka jagoranci manyan rundunoni ranar 1 ga Yuli a wajen Thiepval, yana kan bishiya da tabarau mai hangen nesa yana kallon yaransa na zubewa kamar yadda na Attahiru suka zube. Wato mutumin da ya ga abin da ke faruwa in jarumta ta tunkari mashinga a fili, shi ne ya tura nasa yaran su tunkare ta a fili. Ni dai fassarar da na yi wa abin ita ce a ransu sun ɗauka bindigar baƙar fata take ci, Bature mai tarbiyya da horo ai daban ne.

A nan maganar makaranta ta shigo. Wa ke hura usur ɗin? Ƙaramin hafsa ne, laftana, sau da yawa ɗan shekara 19 ko 20, jiya-jiya ya bar makarantar kwana, shi ne zai fara taka tsani ya fita da ƙaramar bindiga a hannu saura su biyo shi. Kuma makarantun da suka fito irin su Eton da Rugby da Harrow makarantun addini ne fa sosai, kada wani ya ce maka na marasa addini ne. Tun zamanin Thomas Arnold da ya zama shugaban Rugby a 1828 manufarsu a bayyane take, a fitar da Kirista mai mutunci, addini da ɗabi'a farko, karatu ya biyo baya. Kullum safe a shiga coci a yi addu'a a yi waƙar yabo, da rana a fita wasa ko ana ruwa ko ana ƙanƙara don a ƙarfafa jiki, wankan ruwan sanyi, siniyoyi na da ikon dukan ƙanana kuma ƙaramin yaro shi ke wa siniya wanki da goge takalmi, ba a kuka, ba a kai ƙara, ba a tambaya. Wanda ya yi makarantar kwana ta gwamnati a arewa ya san ba sai na yi masa bayani ba. Daga 1908 aka tsara musu horon soja na kadet a cikin makarantar, fareti da bindiga. Ana koya musu Latin, kuma cikin abin da suke haddacewa akwai wata tsohuwar maganar Rumawa mai cewa mutuwa don ƙasarka abu ne mai daɗi da dacewa, wadda har a bangon cocin makarantar hafsoshi ta Sandhurst aka rubuta ta. Allah, Sarki, Ƙasa, an dama su sun zama fura ɗaya, yaro ba ya iya bambance wanne ne wanne.

Kuma gaskiya ɗaya ce, ba matsorata ba ne, ba kuma mayaudara ba. Sun biya da jininsu. Eton kaɗai ta rasa tsofaffin ɗalibai 1,157. Kason mutuwar hafsoshi ya fi na ƙananan sojoji, shi kansa firaminista Asquith ɗansa na fari a Somme ya mutu. Ba irin manyanmu ba da in an tashi rigima 'ya'yansu na Dubai, wannan kam na yaba musu. Amma ai abin tsoron ke nan, tarbiyyar ta yi aiki ɗari bisa ɗari, ta fitar da yara masu gaskiya da kunya da jarumta da tsoron Allah daidai fahimtarsu, abu ɗaya kawai ta cire musu, wato su iya cewa ranka ya daɗe wayar nan fa ba ta tsinke ba, jiya da dare mun leƙa mun gani. Wasu sun gani ɗin kuwa, an kai rahoto, na sama suka ce tsoro ne.

Su kuma malaman coci me suke yi a lokacin? Mafi yawansu fetur suke zubawa. Bishop ɗin Landan na lokacin, Winnington-Ingram, a fili ya kira yaƙin da yaƙi mai tsarki yana yawo yana tara samari. A Jamus kan bel ɗin soja an rubuta Gott mit uns, wato Allah na tare da mu, ka je ka nemi hoton ka gani, ƙarfe ne, rubutun a zagaye da kambin sarauta a tsakiya. A Rasha fada-fada na yayyafa wa sojoji ruwan albarka. Littafi ɗaya suke karantawa, Almasihu ɗaya suke kira, kowa na roƙon Allah ya ba shi sa'ar kashe ɗan'uwansa. A Oktoban 1914 manyan masana 93 na Jamus suka sa hannu a wata takarda ta goyon bayan yaƙin, cikinsu har da manyan malaman tauhidin Kirista irin su Harnack, wani matashin fasto a Suwizalan mai suna Karl Barth ya ga sunayen malamansa a ciki, abin ya girgiza shi har ya ce to in karatun da suka koya min bai hana su wannan ba akwai matsala a karatun, daga nan ya kama wata hanya daban. A Birtaniya mata kuma na bin titi suna miƙa wa duk saurayin da suka gani ba kaki farin gashin tsuntsu, alamar kai ragon maza ne. Ina saurayin da zai jure wannan.

Kafin wani ya ce yawwa ai dama Kiristanci ne matsalar, ya dakata. Faransa ta raba coci da gwamnati tun 1905, makarantun gwamnatinta babu addini ko na sisin kwabo, amma malamansu sun shekara arba'in suna nuna wa yara taswira da yankin Alsace da Lorraine da Jamus ta ƙwace a 1871 suna cewa sai an rama, har fareti da bindigar katako aka taɓa sa yaran firamare. Yaran nan su ne suka cika Verdun a 1916, inda wajen mutum dubu 300 suka mutu cikin wata goma, yau akwai wani gini a can da aka tara ƙasusuwan mutum dubu 130 da ba a san ko su waye ba, ana leƙa su ta taga. Kaga ke nan da addini da babu addini rami ɗaya aka faɗa. Kuma ta ɗaya gefen, waɗanda suka fi kowa ƙarfin halin cewa a'a da yawansu saboda addinin ne. Da Birtaniya ta tilasta shiga soja a 1916 wajen mutum dubu 16 suka ƙi ɗaukar bindiga, da yawa Kiristoci ne irin 'yan Quaker da suka ce Littafinmu ya hana kisa, wasu suka yarda su ɗauki masu rauni, wasu aka kulle su. Fafaroma Benedict na 15 ya roƙi a tsagaita wuta ko don Kirsimetin 1914 aka yi kunnen uwar shegu da shi, a Agustan 1917 ya rubuta wa shugabanni ya kira abin da kisan banza, kowane ɓangare ya ce ai ɗan wancan ɓangaren ne. Su kuwa ƙananan sojoji a Kirsimetin farkon nan da kansu a wurare da dama suka ji abokan gaba na rera waƙar da suka sani, suka fito fili aka gaisa aka yi musayar taba aka binne gawawwaki tare, manya suka ji labari suka tabbatar ba a sake irin haka ba. Wato dai addinin na nan a zuciyar talaka yana cewa wannan ɗan'uwanka ne, na kan mumbari ne ya sayar.

Muna yawan cewa Turawa sun bar addini saboda boko da jin daɗi. Ba zan ce yaƙin nan kaɗai ya kwashe mutane daga coci ba, abin ya ɗau lokaci, sai wajen shekarun 1960 ya fito fili sosai kuma dalilan na da yawa. Amma ka sa kanka a matsayin wanda fastonsa ya ce masa je ka Allah ne ya aike ka, ya je ya ga abokinsa rataye a waya kwana uku yana kiran uwarsa ba mai iya ɗauko shi, ya dawo gida hannunsa na rawa ba ya iya riƙe kofin shayi, ya tarar da faston nan da ƙibarsa yana nan yana wa'azi. Soja wajen miliyan 9 zuwa 10 suka mutu. Yawan tambayar nan da rashin yarda da manya da muke gani wurin Turawan yau har muna cewa ba su da kunya, wani ɓangarensa daga ramin nan ya fito, jikokin mutanen da suka yi biyayya ne suka ga sakamakonta.

Yanzu mu dawo gida. Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, kuma saboda maslahar mulkinsu Turawan gwamnati suka taƙaita 'yan mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, Likita Mila ɗan mishan ma da ya zauna cikin birnin Zariya daga baya Wusasa aka koma da aikin. Makarantun mishan suka fi yawa a kudu da tsakiyar ƙasa, kuma a faɗi gaskiya sun yi aiki, asibitoci da kula da kutare da karatu, likitan farko ɗan arewa Dakta Dikko daga hannunsu ya fito. Mu kuma aka yi mana tamu daban, Baturen nan da ake wa laƙabi Ɗan Hausa ya buɗe ta Nasarawa a Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, babu Baibul babu coci, har da malaman Arabiyya. Iyayenmu suka ce alhamdulillahi an tsira. Amma tsarin fa na Eton ne da Rugby aka ɗauko sukutum, gidaje-gidaje, siniya da juniya, ƙararrawa da usur, layi, wasan kurket da wasan Fives na buga ƙwallo da bango wanda Sardauna ya ƙware a kai kuma har gobe ana yinsa a Katsina da wasu garuruwan arewa. An cire gicciyen an bar sauran. Kuma shekara huɗu kacal da gama yaƙin ke nan, lokacin da su a can suka fara tambayar kansu me muka yi wa yaranmu.

Ba na cewa kafin Bature ba mu san bulala ba, kowa ya yi makarantar allo ya san dorina. Amma a karatun zaure na ilimi ɗalibi na tambaya, ana ja-in-ja kan mas'ala, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da muke alfahari da shi ai da tambayar don me ya fara, don me ake karɓar wannan haraji, don me ake wannan zalunci, kuma waɗanda ya fi caccaka su ne miyagun malamai masu halasta wa sarakuna abin da suke so. Abin da nake nufi namu na da wurin tambaya, mu ne muka toshe shi muka ce tarbiyya ce.

Kuma yaƙin nan ba kallo muka yi daga nesa ba. Ana cewa harsashin farko da wani sojan Birtaniya ya harba a yaƙin gaba ɗaya wani ne mai suna Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya harba shi a Togo a Agustan 1914. Sojojin Najeriya, Hausawa cike a ciki, sun yi yaƙi a Kamaru, a Garwa da Banyo da dutsen Mora wanda Jamusawa suka riƙe har Fabrairun 1916, baƙar fata ne ke harbin baƙar fata a ɓangarorin biyu, daga nan aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka. Faransa ta ɗebi sama da mutum dubu 150 daga yammacin Afirka, da yawa da ƙarfin tsiya, kuma su kam har cikin ramin na Turai aka kai su, a Afrilun 1917 a Chemin des Dames aka tura su gaba cikin sanyin da yatsunsu ba sa iya riƙe bindiga, dubbai suka zube. Kaɗan kafin nan Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. Sarkin Santambul ya sa an ba da fatawar jihadi a Nuwamban 1914 yana gefen Jamus, sarakunanmu kuma na aika wa Ingila gudummawa daga baitulmali da takardun biyayya. Kowa da malaminsa kowa da fatawarsa. Jikan wani daga cikin sojojin nan na iya yiwuwa yana majalisarmu ranar Asabar ɗin kuma bai sani ba, to ina zai sani, an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya sama da shekara goma kafin a dawo da shi, wanda aka dawo da shi ɗin ma haddar sunaye da shekaru ne.

Laifi tudu ne. Duk wanda ke ganin wannan hauka na Nasara ne kawai ya duba Iran da Iraƙi daga 1980 zuwa 1988, rami iri ɗaya, waya iri ɗaya, iska mai guba iri ɗaya, samari 'yan makaranta ana tura su su taka nakiya, nan kabbara can kabbara, dubban ɗaruruwa suka mutu iyaka ta koma inda take. Ya duba Sudan yau inda 'yan'uwanmu Hausawa ke zaune. Ya duba Yukiren inda aka koma haƙa rami shugaban cocin Rasha na sa albarka. Ba sai ma an je nesa ba, yaran da aka ɗaura wa bam aka tura tasha da kasuwa da masallaci a ƙasar nan ba rashin biyayya ne ya kai su ba, wani ne da suke kira malam ya ce su tafi suka tafi. Haka yaran da ɗan siyasa ke ba ƙwaya da gora ranar zaɓe.

Na san abin da za a ce min, to so kake yara su zama marasa kunya kowa ya yi abin da ya ga dama? A'a. Ina da 'ya'ya, ina son in ce a kawo ruwa a kawo, kuma soja kam dole ya bi umarni in ba haka ba babu soja. Amma ladabi daban rufe ƙwaƙwalwa daban, yaro na iya durƙusawa har ƙasa ya gaishe ka sannan ya ce Baba ban gane dalilin ba, kuma in ka kasa ba shi dalilin to wataƙila kai ne ya kamata ka sake tunani. Na tuna muna aji biyu a makarantar kwana wani siniya ya tashe mu ƙarfe biyun dare cikin hunturu ya ce kowa ya je ya kwanta a kan ciyawa mai raɓa saboda wani ya sace masa gwangwanin madara, mu wajen arba'in muka fita muka kwanta, yaro ɗaya ne tak ɗan siriri ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi yana da asma kuma bai ɗauki komai ba, aka yi masa dukan tsiya, kuma abin kunyar da har yau ke damuna mu da ke kwance a raɓar haushinsa muka ji, muna cewa wane ne shi da zai ƙi. Birtaniya ta harbe sojojinta 306 kan laifin gudu ko tsoro a yaƙin nan, da yawansu ƙarar igwa ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma abokansu aka sa suka harbe su da asuba, sai 2006 aka yafe musu, shekara casa'in bayan an binne.

Har yau manoma a Beljiyam da arewacin Faransa in suna huɗa garma na tono harsasan igwa da ba su fashe ba, su jera su a bakin hanya sojoji su zo su kwashe, wani lokacin har da ƙashin mutum da maɓallin riga. A Thiepval inda Morland ya tura yaransa akwai wani ƙaton gini da sunayen mutum sama da dubu 72 waɗanda ko gawarsu ba a gane ba.

Washegari da na koma majalisa na nuna wa abokin nan nawa hoton kan bel ɗin Jamusawa a waya, na fassara masa rubutun, na ba shi labarin Morland da bishiya. Ya karɓi wayar ya faɗaɗa hoton da yatsa biyu ya daɗe yana kallo, ya ce ikon Allah, wato su ma cewa suke Allah na tare da su. Ya miƙo min wayar ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce amma fa duk da haka yaro sai da bulala, ya juya ya ce wa mai shayi a ƙara masa madara.